Bangon Faifanmu na Farko

Ni ne makaɗin ganga a ƙungiyarmu ta kiɗan rok a Aba, cikin 1976. Mun gama ɗaukar faifanmu na farko a Legas, muna dawowa hatsarin mota ya kashe Obiora, mai jitarmu.

Ranar da faifan ya fito, Cif Nwachukwu mai kamfanin faifan ya miƙo mini ɗaya yana murmushi. A bangon, ga hoton gawar Obiora kwance bakin titi, jini har kunne.

Na ce, "Oga, mene ne wannan?"

"Kai yaro, gawa ta fi waƙa kasuwa."

Na fita na yi amai a kwata. Uwar Obiora tana sayar da kifi daura da shagon da aka jera faifan. Da ta ga bangon, ta naɗe tabarmarta, ba ta sake fitowa kasuwa ba.