Karatun Maman Jona

"Wannan mai lanƙwasa kamar sandar tsoho, J ce ko?"

Rahmat ta ɗago daga tsintar shinkafa ta dubi wayar da maƙwabciyarta ta miƙo ta saman gajeriyar katangar da ta raba gidajensu. J ce kuwa, ƙatuwa, ta cika fuskar wayar. Ta yi maza ta ƙaƙaro murmushi.

"Ita ce, Mama. Kai, kin yi nisa fa."

"To saura biyu. O na riga na kama ta, ƙwai ce kawai. In na samu N da A, na gama da sunan yarona." Tsohuwar ta yi dariya ta koma kan tabarmarta.

Sunanta Edith, 'yar ƙasar Biu, amma duk layin nan na Bulumkutu Maman Jona ake ce mata. Shekara tara ke nan da Jona ya shiga mota zai je gida, waɗancan 'yan ta'addan suka tare hanya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. 'Yarta Praise, mai aikin jinya a Jos, ita ta saya mata wayar. Matan zumuntar cocinsu kan turo hotunan takardu ta WhatsApp, jerin sunayen waɗanda aka ceto ko aka gani da rai. Da yake Mama ba ta taɓa shiga aji ba, duk takardar da ta zo sai ta leƙo ta katanga. Rahmat ta bi sunayen da yatsa har ƙasa, ta ce, "Babu, Mama." Ita kuma ta ce, "To, wata ran."

Wata huɗu da suka wuce wata takarda ta zo daban. Sunayen waɗanda suka rasu a daji ne, kamar yadda waɗanda suka tsero suka shaida. Na goma sha bakwai, Jona Yoila. Rahmat ta shige ɗaki da wayar, ta kira Praise. Praise ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ce, "Anti Rahmat, don Allah kada ki faɗa mata. Hawan jinin nan zai kashe ta nan take. Zan zo da kaina." Rahmat ta goge saƙon, ta fito ta miƙa wayar.

"Babu, Mama."

Tun daga ranar ƙaryar nan take zaune mata a ƙirji. Praise kuwa yau aiki, gobe hanya ba kyau, har yanzu ba ta zo ba.

Sai ga wata 'yar mawaƙan coci mai rawar kai ta saka wa Mama manhajar koyon karatu a wayar. Muryar wata mata ce a ciki, sanyi ƙalau, ba ta gajiya ba ta fushi. Ta faɗi harafi, ka maimaita. In ka dace ta ce, "Madalla." In ka kuskure ko ka yi shiru ta ce, "Sake gwadawa." Daga hantsi har la'asar muryar nan take tsallako katanga, Mama na bin ta kamar 'yar aji ɗaya.

"Mama, me za ki yi da karatu yanzu? Ba ga ni ba?"

"Kina nan, 'yata, Allah Ya bar ki. Amma ni na haife shi. Ranar da sunan zai fito, idona nake so ya fara gani."

Rahmat ta yi duk dabarar da ta sani. Ta ce hasken waya yana ɓata ido. Ta ce abin yana cin data. Wallahi har caja ta taɓa ɓoye mata a cikin buhun gero, abin da take jin kunyarsa ko ita kaɗai ta tuna. Tsohuwar ta ɗauki lema ta taka har shagon masu caji a bakin titi. Cikin mako uku ta wuce haruffa ta shiga haɗa kalmomi. Abin da yake ɗan kwantar wa Rahmat da hankali ɗaya ne, ta san ta goge takardar.

Ranar Laraba ta shiga kai mata kunun gyaɗa. Ta same ta zaune tana fuskantar ƙofar gida, wayar a kife bisa cinyarta.

"Jiya ya zo," in ji Mama.

"Wa?"

"Jona. Da azahar, rana tsaka. Nan ya tsaya, daidai inda kike. Ƙafafunsa duk ƙasa. Na ce ya shigo ya sha ruwa, ya ƙi. Kallona kawai yake."

Rahmat ta matsa daga wurin ba ta sani ba.

"Mafarki ne, Mama. Gyangyaɗi kika yi."

"Idona biyu." Tsohuwar ta daɗe tana dubanta, irin duban da ba ta taɓa yi mata ba. Can ta karɓi kunun. "Ke dai kina da kirki, 'yata."

Rahmat tana komawa gida ta kira Praise. "Ni fa na gaji. Ko ki zo, ko in faɗa mata da bakina." Praise ta yi alkawarin Asabar. Rahmat ta kwana biyu tana juya maganar, a ƙarshe ta yanke cewa ba za ta jira ba. Ita ta yi ƙaryar, ita za ta warware ta, ranar Juma'a da zarar ta sauke abinci.

Juma'a ta zo da zafi mai toshe numfashi. Maza sun tafi masallaci, layin ya zama wayam, ko keke napep ɗaya ba ya wucewa. Ganyen dogon yaro ma ya tsaya cik. Rahmat tana kwashe tuwo ta ji muryar matar nan ta katanga.

"Sake gwadawa."

Ta saurara ko za ta ji amsar Mama. Shiru.

"Sake gwadawa."

Ta ajiye mara. Sau nawa ke nan? Sai yanzu ta gane tun tana tuƙi take jin kalmar nan, ita kaɗai, ba a amsawa.

"Mama! Maman Jona!"

Ba ta tsaya neman mayafi ba, ta zaga da gudu. Ƙofar a buɗe take. Mama tana zaune a inuwar baranda, ta jingina da bango, tabarau a hanci, kanta ya ɗan karkata kamar mai sauraro. Ƙuda ɗaya yana tafiya a kan leɓenta, ba ta kore shi ba. Rahmat ta durƙusa ta taɓa wuyanta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Sake gwadawa," in ji wayar.

Ta fizge ta tana danne-danne don ta yi shiru. Manhajar ta rufe, abin da ke bayanta ya bayyana. Takardar ce. A saƙonni ta goge ta, ba ta san waya tana ajiye kwafi a cikin hotuna ba. An ja hoton ya yi girma har layi ɗaya ya cika fuskar, lamba goma sha bakwai da sunan.

Ta zauna daɓas a kan tabarmar. Kusa da gwiwar Mama akwai littafin rubutu irin na 'yan firamare, da fensir da aka fiƙe da reza har ya kusa ƙarewa. Ta buɗe. A saman shafin farko, da manyan haruffa masu rawa, an kwafe kan takardar: waɗanda suka rasu. A ƙasa, Jona Yoila, Jona Yoila, layi bayan layi. A gefen shafin akwai ɗigon manja na ɗanwaken da ita da kanta ta kawo ranar Litinin. Tun Litinin ke nan. Kwana huɗu tsohuwar nan tana gaishe ta da safe, tana tambayarta ya yara, tana karɓar abinci daga hannunta.

Kuka ya ƙwace mata. Ta ci gaba da buɗe shafukan, huɗu, biyar, duk sunan ne. Shafi na ƙarshe layi ɗaya ne kawai, an danna fensir sosai har ya kusa huda takardar, R ɗin tana kallon baya.

Rahmat ba komi.

Daga nesa aka fara jin hayaniyar masu dawowa daga masallaci. Rahmat ta cire wa tsohuwar tabarau ta naɗe, ta ja gefen zanenta ta rufe mata ƙafafu. Ta zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, littafin a buɗe a kan cinyarta.