Waƙar Sabo a Kan Kanta

Shekara talatin Sabo yana yi wa manoman Dingaya kiɗan gayya. Akwai waƙarsa guda da in ya ɗauko ta, ko rago sai ya kai ƙarshen kunya. Shi ya ƙirƙire ta, kowa ya sani.

Shekara biyu bayan canjin kuɗi zuwa naira, ɗan ƙanensa Hadi, mai karatun malanta a Birnin Kudu, ya iso gida fuska a murtuke. An ba su aikin bincike kan waƙoƙin noma, ya rubuta cewa waƙar ta Sabo ce, malaminsu ya soke da jan biro, ya ce littafin laburare ba haka ya faɗa ba.

"Baba, sai ka zo su gan ka da idonsu."

Sabo ya sa rigarsa ta sallah, suka hau akori-kura zuwa Birnin Kudu.

Mai kula da laburaren, Malam Hambali, ya ciro littafin daga kanta ta uku, ya karanta a hankali. Baitocin na Sabo ne, tiryan-tiryan. A ƙasa kuma an rubuta: wanda ya yi ta, Sarkin Noma Maikuɗi na Dingaya.

Nan Sabo ya tuna. Wani baƙo ya taɓa zuwa daga Kano da rakoda, aka sauke shi gidan Maikuɗi. Sabo ya rera, baƙon ya ɗauka, sannan ya tambaya ko wa ya yi waƙar. To, a Dingaya makaɗi ba ya amsa wa baƙo a gaban Sarkin Noma. Sabo ya sunkuyar da kai. Maikuɗi ya gyara zama ya ce, "Tamu ce." Baƙon ya rubuta.

"Malam," in ji Sabo, "Maikuɗi, Allah ya ji ƙansa, ko ƙwarya bai iya bugawa ba. In ya yi tari ma kaji watsewa suke."

"Ban musa ba, Baba. Amma duba nan. Ga sunan marubuci, ga maɗaba'a, ga shekara, ga hatimi. Abin da ake dubawa ke nan kafin a yarda da magana. Kai wace shekara aka buga ka?"

"Ai ga ni a tsaye."

"Tsayuwa ba ta shiga bincike."

"Littafin nan ma ya yar da baiti biyu. Saurara ka ji."

Ya buɗe baki ya fara. Ɗalibai suka ɗago kai. Malam Hambali ya nuna masa wani allo a bango, ya ce an hana hayaniya a nan. Sabo bai iya karatun boko ba, amma ya katse waƙar.

A waje Hadi ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, in ban bi littafin ba, za a kayar da ni."

"Rubuta Maikuɗi. Ni na yi shiru ranar da baƙon ya tambaya, ba kai ba."

Da damina ta faɗi aka yi gayya a gonar wani manomi, Manu. Rana ta take, hannuwa suka yi sanyi, sai wani ya ɗaga murya:

"Sabo, ɗauko mana waccan!"

Sabo ya ci gaba da kaɗa gangarsa, bakinsa a rufe.

"Sabo, ba ka ji ba ne?"

"Na ji. Tana Birnin Kudu, kanta ta uku. Ku je Maikuɗi ya rera muku."