Faretin Janar Shitu a Hanyar Karaye

Duk wanda ya san garin Fulatan ya san Saude mai ƙuli-ƙuli, kuma bakinta ya fi ƙulin nata suna. Ƙaninta Shitu kuwa mutum ne mai sanyin hali, manomin gyaɗa, wanda a samartaka ya je neman shiga soja har sau uku ana dawo da shi saboda gajarta. Shekara shida ke nan da ciwon taɓin hankali ya same shi. In yana shan maganinsa ba ka ce yana da wata larura ba. In ya bari, sai sojan nan da aka hana shi ya taso masa, kuma ba ƙaramin soja ba, Janar sukutum.

Wata Laraba da hantsi, Saude na tsaka da matsar mai, maƙwabciyarta ta shigo ta ce Shitu ya tare hanyar da ke zuwa Karaye da adda a hannu, ya hana motoci wucewa sai sun nuna masa takardar izini, kuma an kira 'yan sanda. Ko hannu ba ta wanke ba, ta yafa mayafi ta haye acaɓa.

Ta tarar da motoci sun yi layi, jama'a sun ja baya. 'Yan sanda uku ne. Babbansu Sufeto Ɗanmaliki, mai tumbi da furfura a gashin baki, yana ta daka wa Shitu tsawa ya ajiye makami. Kusa da shi wani matashi, Kofur Kabir, ya saita bindiga. Duk tsawar da aka yi, sai Shitu ya ƙara taku ɗaya gaba. Saude ta tuna cewa bara ta ji labarin wani mai irin wannan ciwon da aka harbe a ƙofar gidansu yana riƙe da taɓarya, daga baya aka ce shi ya kai hari.

Sai ta ratsa taron a hankali, ta tsaya daidai bakin bindigar, ta juya wa ƙanin nata baya, ta shiga gaida Sufeto kamar sun haɗu a gidan suna. Ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiyar hanya, har da damina. Sufeto ya ce ta kauce kafin a yi ɓarna.

"Yallaɓai, ba ɗan fashi ba ne, ƙanina ne, maganinsa ya bari," in ji ta. "Yau Janar ne, Janar kuwa ba ya jin tsawar na ƙasa da shi. Ku sara masa ku ga ikon Allah."

Sufeto ya ce shekararsa ashirin da shida a bakin aiki, bai taɓa sara wa mahaukaci ba.

"Haba yallaɓai, ai ka sha sara wa waɗanda suka fi shi. Su dai ba a kai su asibiti ba ne kawai."

Wani direba ya kasa riƙe dariyarsa, sauran suka kama. Saude ta rage murya, ta nuna masa wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukar hoto, ta ce ya zaɓa: ko a gan shi yana sarawa, ko a gan shi yana kisa. Sufeto ya dube ta, ya dubi Shitu da ke tsaye da silifas wari da wari, ya yi ajiyar zuciya. Ya ba da umarni a sauke bindiga. Suka jeru su uku a tsakiyar titi, suka buga ƙafa, suka sara.

Nan take fuskar Shitu ta saki. Ya maƙale addar a hammata kamar sandar manyan hafsoshi, ya tako duba fareti. Ya tsaya gaban Sufeto, ya ƙare wa tumbin kallo, ya ce daga gobe a rage tuwon dare. Sufeto ya haɗiye abin da ya zo bakinsa, ya ce an gama, ranka ya daɗe. Da ya iso kan Kabir, sai ya ga maɓallin rigarsa ɗaya a buɗe, ya yi tsaki ya ce shi zai gyara da kansa. Gyaran maɓalli kuwa sai da hannu biyu.

"Kawo sandar in riƙe maka, Janar," in ji Saude.

"Riƙe da kyau, Yaya, ta gwamnati ce."

Ta karɓa ta miƙa baya, addar ta bi hannun mutane har ta ɓace cikin taron. Sannan ta shaida masa cewa motar 'yan sandan nan an aiko ta ne musamman ta kai shi Kano duba wani asibiti. Shitu ya shige gaba ya hakimce, dole Sufeto ya koma baya tare da Saude. Sai da motar ta tashi sannan Saude ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta a ɓoye. Da suka wuce Karaye, Kabir ya faɗa mata a hankali cewa yatsansa ya riga ya hau kunamar bindigar lokacin da ta shiga gabansa. Sufeto kuma ya roƙe ta kada zancen ya yi nisa, ta yi masa alkawari da zuciya ɗaya, alhali ta san hoton ya riga su isa Kano.

Mako uku Shitu ya yi a asibiti, ya dawo ana shirin cirar gyaɗa. Da aka nuna masa hoton a waya, kunya ta hana shi fita masallaci kwana biyu. A rana ta uku Saude ta zo da kanta, ta tsaya a kansa har ya haɗiye maganin safe, ta ce ya tashi ya tafi gona, don ita ba za ta sayi gyaɗar wani ba tana da ƙani manomi. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita.