Juyin Awa Biyu

Nas ta ɗaga zanin, ta daɗe tana kallon ƙugun tsohuwar. Mai Faci, mijin tsohuwar, ya leƙo ta bayan nas. Ciwon ya kai faɗin tafin hannu, gefensa ja, tsakiyarsa ta soma baƙi.

"Baba, sau nawa kake juya ta a yini?"

"Juyi kuma? 'Yata, in na taɓa ta nishi take yi. Shekara arba'in ban sa ta kuka ba, sai yanzu da ba ta iya ramawa?"

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da matarsa, ta tafi da bakinta. A da, tun daga ƙofa take tarbarsa da shari'a: ya shigo da baƙin mai a riga, ya ɓata mata shimfiɗa. Shi ya sa yake ce mata Alƙaliya. Yanzu da gangan yake shigowa da dattin, ba mai ce masa uffan.

"To tausayin ne ya ci ta," in ji nas. "Ƙashi na danne nama a kan katifa, jini ya rasa hanya. Ƙwayoyin naman kuwa jini ke kai musu abinci da iska. In abin ya daɗe sai su kumbura, su mutu. Jan nan zai farfaɗo. Baƙin sai an kankare. In ka bari ya kai ƙashi, ba ni da ta cewa."

Mai Faci ya tuna da aikinsa. Sau nawa ya faɗa wa masu mota cewa tayar da aka bari a tsaye ta ƙasa take lalacewa? Ko ba ka hawa, ka ɗan tura ta. Ga shi a ɗakinsa ya manta.

Nas ta wanke ciwon, ta nuna masa inda zai kama, ta ce duk awa biyu. Ta tafi.

Da lokaci ya yi, ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta. Ta yi nishi, amma bai saki ba.

"Haƙuri, Alƙaliya. Ki ɗaure ni daga baya."

Ya juya ta, ya tokare bayanta da matashi. Yatsunsa biyar suka fito raɗau a kan farin zanin gadon, baƙi ƙirin. Idonta ya sauka a wurin. Gefen bakinta mai rai ya motsa.

Tsaki ta ja. Gajere, amma nata ne.

Ya zauna bakin gado yana kallon agogo. Bai wanke hannun ba. Awa biyu ba ta taɓa yi masa nisa haka ba.