Takardar Asibitin Zaragoza

"Ki gaya mata a hankali," in ji likitan, "amma ki gaya mata duka."

Celestina ta juya ga matar da ke zaune a bakin gado, wata 'yar Kolombiya da ta riƙe hannun mahaifinta da hannu biyu. Likita ya ce dying, Celestina kuma ta ce se está muriendo, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Matar ta rufe ido, ta buɗe, ta nemi a ba ta waya ta kira ƙannenta su zo yau. Aikin Celestina ke nan, tafinta ce tsakanin Sifaniyanci da Turanci a asibitocin Manchester. Shekara goma sha ɗaya ta yi a Zaragoza tana wanka da goge tsofaffin Turawa kafin ta haye Ingila, kuma a bakin gadajensu ta koyi harshen, shi ya sa ta fi sanin kalmomin ciwo da na kasuwa.

Tana fitowa Oxford Road wayarta ta yi ƙara. Dattijo Nyam ne daga Birmingham, yayan Tomas. Tomas kuwa ɗan cocinsu ne tun zaman Zaragoza, har yanzu yana can yana aiki a mayanka, matarsa Tabitha tana nan Ingila tana aikin kula da tsofaffi. Kowa a zumuntar 'yan gida ya san Tomas ya kwanta asibiti da ciwon hanta, kuma kowa ya san amsar da ake bayarwa in an tambaya.

"Da sauƙi, mun gode Ubangiji," in ji Nyam tun ba ta gama tambaya ba. "Sister Celestina, wani ɗan taimako za ki yi mana. Abokin zamansa ya turo mini report na asibiti, Spanish ne. Tabitha ta kafe sai ta ji daga bakin wanda ya iya, ta ce ba ta yarda da fassarar waya ba. Ki zo yau in za ki iya. Kuma don Allah ki fara ganina kafin ki gan ta."

Wannan "ki fara ganina" ɗin ne ya tsaya mata a wuya. Ta ce ya turo hoton takardar.

A cikin motar Birmingham ta buɗe ta, ta ɗora wayar a kan tsohon littafinta na aiki. A littafin nan ta ware shafi biyu ga kalmomin mutuwa kawai, don su ne ba ta so ta yi in-ina a kansu a gaban mutane. Morir, shi ne die, gatsau babu ado. Fallecer, shi ne pass away, na takarda da na ladabi, kamar mu ce ya rasu. Agonizar, a gefensa ta rubuta gargara da Hausa, don ba ta taɓa samun Turancin da ya gamsar da ita ba. Apagarse shi ne wanda 'yan jinya ke faɗa a hankali a bakin ƙofa, fading away, mutum yana dushewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A ƙasan shafin akwai estancado, stagnant, abin da ya tsaya cik ba gaba ba baya.

Takardar Tomas shafi ɗaya ce. A layi na huɗu ta ga evolución estancada. A layi na bakwai ta ga situación de últimos días. Ta duba kwanan wata a sama, Laraba. Yau Asabar. Ta kife wayar a cinyarta, ta bi gonakin bakin hanya da ido har motar ta shiga gari, ranta a ɓace.

Nyam yana tsaye a ƙofar gidan a unguwar Balsall Heath, cikin rigar sanyi da silifas, alamar tun ɗazu yake leƙen hanya. Mutum ne mai kirki, wannan babu mai musu. Shi ke ɗauko baƙi daga filin jirgi, shi ke zuwa ofishin hukuma na council da wanda Turanci ya yi wa nauyi. Amma dattijon coci ne, ya saba in ya ce ga yadda za a yi, a ce masa amin.

"Sannu da hanya. Kin karanta?"

"Na karanta, Dattijo. Kai ma ka karanta."

Ya kau da kai. "Na sa a waya. Na ga wata kalma a ciki, estanc... wannan dai. Waya ta ce stagnant. To stagnant ai stable ke nan, ko ba haka ba? Ciwon ya tsaya. Shi nake so ki gaya mata."

"Ruwan rijiya stable ne, ruwan kududdufi stagnant ne. Wanne za ka ba ɗanka ya sha?"

"Sister, ba gardamar Turanci na kira ki mu yi ba." Ya rage murya, ya ja ƙofar ta rufu a bayansa. "Ranar Alhamis Tabitha za ta zauna exam ɗinta na nursing. Shekara biyu tana karatu, tana dawowa daga shift ƙafa a kumbure ta buɗe littafi. Ta faɗi sau ɗaya. In ta ji wannan magana yanzu, shi ke nan. In Tomas ya tafi, wa zai riƙe yaran nan biyu in ba takardar nursing ɗin nan ba? Ta rubuta Alhamis, Juma'a ni da kaina zan kai ta jirgi."

"In kuma bai kai Juma'a ba?"

"Rai a hannun Allah yake, ba a hannun likita ba. Kin san al'adarmu. Ba a jefa wa mace irin wannan labari kamar dutse. A ce jiki ya ɗan matsa, a shirya ta a hankali."

Celestina ta san al'adar, ta san ta fiye da yadda take so. Lokacin da mahaifiyarta ta kwanta a Mangu, mako uku ana ce mata da sauƙi. Ta aika magani, ta aika zannuwa biyu na fita coci in ta tashi. Sai da aka yi kwana huɗu da binne ta wani kawu ya kira ya ce jiki ya matsa, ta yi ƙoƙari ta zo. Duk wanda ya yi mata wannan ƙaryar don yana sonta ya yi, kuma har yau ba ta yafe wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Dattijo, in kana so ka ce mata da sauƙi, bakinka ne. Ni tafinta ce. Abin da ke takarda shi zai fito daga bakina."

"Ke 'yar gida ce kafin ki zama tafinta!"

"Shi ya sa na hau mota awa biyu da rabi. Da baƙuwa ce ni, da na turo voice note."

Ba ta jira ya matsa ba, ta raɓa ta gefensa ta tura ƙofar.

Tabitha tana zaune a teburin falo, littattafai buɗe a gabanta, robar abin aunin jini naɗe a kan kujera. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta tashi ta rungume Celestina, ta kawo shayi, ta tambayi mutanen Longsight, unguwar su Celestina, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata. Yaran suna sama, ana jin ƙarar talabijin. Sai da aka gama gaisuwa tsaf ta zauna ta haɗa hannuwanta a kan littafi.

"Yaya Celestina, ki karanta mini. Duka."

Nyam ya shigo ya tsaya jikin bango. "Ai na gaya miki, Maman Zoe, ciwon ya tsaya wuri ɗaya..."

"Baba, ka gaya mini. Yanzu takarda nake so ta gaya mini."

Celestina ta gyara zama kamar yadda take yi a asibiti, baya a miƙe, ido a kan mai sauraro. Ta karanta layi da Sifaniyanci, ta mayar da shi Hausa, ta tsaya, ta ci gaba. Sunansa, shekarunsa, ranar da aka kwantar da shi. Da ta iso layi na huɗu ta ce, "Evolución estancada. Jikin ba ya gaba. Ba wai ya samu sauƙi ya tsaya ba, magani ne ya daina yi masa aiki." Nyam ya yi gyaran murya, ba ta ko kalle shi ba. Layi na biyar, an dakatar da babban maganin. Na shida, ana ba shi na rage zafi kawai.

A layi na bakwai muryarta ta so ta karye, abin da bai taɓa samunta a wurin aiki ba. Ta tuna Tomas yana kaɗa ganga a ƙaramin cocinsu na Zaragoza, gumi har gwiwar hannu. Ta ci gaba.

"Situación de últimos días. Da Turanci last days. Tabitha, mijinki yana mutuwa. Likitoci suna ganin kwanaki ne, ba makonni ba. Kuma ranar Laraba aka rubuta wannan."

Dariyar talabijin ta sauko daga sama.

"Kin ga abin da kika yi?" in ji Nyam. "Kin ji daɗi yanzu?"

"Ban ji daɗi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Tabitha ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta rufe littafin da ke gabanta, ta ɗora ɗayan a kai, ta daidaita gefunansu.

"Laraba," ta ce. Ta ɗago ta dubi yayan mijinta. "Baba, mutum nawa kake tsammani na riƙe wa hannu a care home ɗin nan na tsofaffi har suka cika? Na san numfashin. Ranar Talata da Tomas ya kira ni, ya kasa ƙarasa sunan Zoe, na ji shi. Na zo na gaya maka, ka ce network ne. Na gaya wa matan zumunta, suka ce kada in yi wa mijina mugun baki. Har na fara zargin kaina, na ce ko tsoron exam ne ya sa nake neman hanyar gudu."

"Don ke na yi," in ji Nyam. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. "Ƙanena ne. Ni na goye shi. Kina tsammani ni ina barci?"

"Na sani, Baba. Amma kwana ukun nan nawa ne, ba naka ba ne da za ka ajiye mini."

Ta tashi ta buɗe durowar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin falo, ta ciro fasfo. Bizar da ta samu lokacin da ta kai wa Tomas ziyara da rani ba ta ƙare ba tukuna. Ta duba, ta sake dubawa, ta tura shi cikin jakarta.

"Exam ɗin fa?" Nyam ya tambaya, a hankali wannan karon.

"Suna yi duk wata. Za ka riƙe mini yaran?"

Nyam ya juya ya hau bene. Jim kaɗan suka ji yana jan akwati daga saman kabad, yana ce wa yaran su rage ƙarar nan.

Celestina ta riga ta buɗe waya tana neman jirgin safe. Babu mai zuwa Zaragoza kai tsaye, sai dai ta sauka Barcelona ta hau jirgin ƙasa. Tana cikin rubuta mata sunan tasha a bayan ambulan Tabitha ta riƙe mata hannu.

"Yaya, da na je da rani Tomas ke yi mini magana ko'ina. In na isa ƙofar ward suka ce ba lokacin ziyara ba ne, me zan ce musu?"

"Ki ce soy su mujer. Ni matarsa ce."

"Soi su muher."

"Haka. Amma ba da wannan muryar ba. Ba roƙonsu za ki yi ba."

Tabitha ta goge fuskarta da bayan hannu, ta miƙe tsaye, ta fuskanci ƙofar falon. Ta sake faɗa, da ƙarfin da ya sa jan akwatin ya tsaya cak a saman bene.