Gidajen da Iya Huraira Ta Lissafa

"Gidan Jumare, tumaki uku sun yi ɓari," in ji Iya Huraira daga kan tabarma, idanunta sun yi ruwan ɗorawa. "Rubuta, 'yata."

Rebecca, ma'aikaciyar lafiya, ta rubuta. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa ina saurare.

Tun da damina ta cika kududdufan bakin daji sauro ya addabe mu, tumaki suka shiga zubar da ciki. Da aka ji ma'aikata na tafe, kowa ya kama bakinsa, wai dabbobi za a kwashe. To, wa zai ɓoye wa maƙwabciyata Iya Huraira? Duk tunkiyar da haihuwa ta yi wa gardama a unguwar nan ita ake kira, ta sa hannu haka nan. Can ta kwaso ciwon.

"Sai gidan Nafisat." Ta nuna ni da baki.

"Haba Iya, har da ni?"

"Har da ke. 'Yarki Muslimat ce ta kai ɗan tayin tunkiyarku juji da hannunta. Kwana biyu ban ji surutunta ta katanga ba."

Wallahi na ji haushinta, kuma gaskiya ta faɗa. 'Yata na kwance a ɗaki, jiki zafi rau, ina ta ɗura mata jiƙo don kar a sani.

"Maman Muslimat, ba kamu muka zo yi ba," Rebecca ta ce. "Mu je in gan ta."

Gida goma sha ɗaya Iya ta lissafa. Ko akuya ba a ɗauka ba. An ɗebi jinin mutane da na dabbobi, aka yi feshi, aka raba gidan sauro. Iya da Muslimat aka wuce da su asibiti, gado biyu ne tsakaninsu.

Ranar Alhamis da hantsi Iya ta kama hannuna.

"Yarinyar ta ci abinci?"

"Ta ci, Iya."

Ƙarya na yi, kwana huɗu ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ta gyaɗa kai, ta yi kalmar shahada, shi ke nan. Ban ko samu na ce ta yafe mini ba, abin na damuna har yau.

Bayan azahar, ana kai Iya makwancinta, Muslimat ta tashi zaune ta ce yunwa take ji. Na zauna gefen gadon ina kallonta, tana suɗe kwanon fate da yatsa.