Sawun Maginiya

"Tofar da shi, Yaya! Ai na gan ki."

Maginiya ta kau da kai tana ci gaba da tauna, kamar yarinyar da aka kama da sukari. Mai Awaki, maƙwabciyarta, ta tsallako guntuwar katangar da ke tsakaninsu, ta buɗe mata hannu da ƙarfi. Yumɓu ne, guntu har uku.

"Ɗanɗanawa nake. Haka kakata take gane mai kyau."

"Kakarki lasa take yi, ke kuwa kalaci kike yi!"

Duk ƙauyen sun san maginan tukwane da ɗanɗana yumɓu, shi ya sa ba wanda ya damu. Yaba mata ma ake yi, wai ta fi kowa sanin ƙasa. Mai Awaki kaɗai ta lura cewa matar da a da take kwaɓa yumɓu da ƙafa tana waƙa, har awaki su tsaya saurare, yanzu taku kaɗan sai haki. Tafin hannunta ya yi fari fat, ƙafafun sun kumbura. Abin ya tsaya mata a rai, tsoro ya kama ta.

Da ƙyar ta lallaɓa ta zuwa asibiti. A can ba mai jin yarensu na mutanen tudu, Maginiya kuwa ba ta jin na gari, sai Mai Awaki ta zama bakinta. Malamar asibiti ta ja fatar idonta ƙasa, ta girgiza kai.

"Jininta ya kusa ƙarewa. Tsutsa ce ke shiga ta tafin ƙafa, tana shan jinin. Cin ƙasar ma ciwon ne ke sa ta. Me ya sa ba ku zo da wuri ba?"

Mai Awaki ta juya wajen Maginiya. Ta fassara mata, amma ta haɗiye tambayar ƙarshe.

Suka dawo da ƙwayoyi da takalmin roba. Maginiya ta sha maganin, takalmin kuwa ta rataye shi a ƙusa.

"Ƙanwata, da takalmi ta yaya zan ji tsakuwa? So kike tukunyata ta fashe a wuta, a yi mini dariya?"

Wata safiya ta ji ɗan ƙarfi, ta shiga yumɓun ta taka, har da 'yar waƙa. Ba ta gama baiti ba ta zauna a gindin randa, ta ce a ba ta ruwa. Kafin Mai Awaki ta kawo, rai ya yi halinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Mai Awaki ta shiga gidan da tsintsiya. Yumɓun ya bushe a inda yake, sawun ƙafa ɗaya kwance a tsakiya, yatsu biyar raɗau. Hadari na haɗuwa a gabas. Ta ajiye tsintsiyar, ta ɗauko kasko mafi faɗi cikin ginin Yaya, ta kifa a kan sawun.